Askin Ranar Alhamis

Litinin, 9 ga Maris

Tun safe rediyon shago ba shi da wata magana sai ta sabuwar cutar nan. Wai daga can wata uwa duniya ta taso, tana bin jirage, yanzu an samu mutum guda da ita a babban birni. Mutum guda fa. Amma duk wanda ya zauna a kujerata yau sai ya zama likita. Wani ya ce iska ke ɗauko ta, wani ya ce a hannun ƙofa take kwana. Injiniya, mai gyaran waya da shagonsa ke manne da nawa, ya leƙo ya ce shi ya gani a waya, ba ta kama mai zafin zuciya. Na ce to ni na tsira, a tambayi matata.

Wai kar a gaisa da hannu, kar a taɓa fuska, a riƙa ba da tazara. To ni mai aski ne. Da fuskar mutane nake ci, da ita na aurar da ƙannena. Da sanda ake so in gyara wa mutum gemu? Na murɗa rediyon na mayar tashar kiɗa.

Alhamis, 12 ga Maris

Na je wa Tsoho kamar kullum. Ranar Alhamis ba na buɗe shago sai na fara biyawa ta gidansa, tun lokacin da ɓarin jikinsa ya shanye, hannun dama ya daina riƙe aska. Shi ya koya mini sana'ar nan. Har yau Bahago yake kirana, don da hagu nake aski, kuma har yau bai yarda na iya ba.

Komai yana inda yake. Kujerarsa a gefen taga, tawul a kafaɗa, Inna matarsa ta kawo ruwan ɗumi a kwano ta koma tana mita wai muna zuba mata gashi a ɗaki. Shi kuma ƙaramin madubi a hannunsa mai lafiya, yana bin askata da ido kamar wanda ya ba ni aron ta. "Sajen hagu ya fi na dama tsawo." Bai fi ba. Na yi kamar na rage, ya ce yauwa.

Mutumin nan ya haura tamanin, ga fuka a ƙirji, abin shaƙarsa ba ya barin aljihu, amma ba a taɓa ganinsa da gashin kwana takwas a fuska ba. Ya ce ranar da aka ga mai aski buzu-buzu, a rufe shagonsa.

Da na gama na sunkuya na hure masa ƙeya da bayan kunnuwa, kamar yadda ya koya mini. Shi bai yarda da burushi ba, wai yana tura gashi cikin riga ne kawai. A wurinsa in ba ka hura ba, ba ka gama askin ba. Duk wanda ya fito daga hannunsa haka yake yi, da haka ake gane mu.

Na ba shi labarin cutar. Ya ce ya ga waɗanda suka fi ta ƙaho. Muka yi dariya har sai da ya nemi abin shaƙarsa.

Asabar, 14 ga Maris

Uwata ta biyo ta shago daga asibiti, ko kayan aikin ba ta cire ba. 'Yata ce, sunan mahaifiyata na sa mata, shi ya sa nake ce mata Uwata, ita kuma ta ɗauki abin da gaske, tun tana ƙarama take mini faɗa. Yanzu da ta zama nas abin ya ƙaru.

Ta kawo takunkumin rufe baki da hanci cikin leda da kwalbar ruwan goge hannu mai warin asibiti. Ta zauna a benci tana kallona ina yi wa wani aski har ya fita.

"Baba, wannan hurawar fa."

Na ce me ta yi.

Ta ce ta nan cutar ke bi, ta numfashi. Wai ina iya ɗauke da ita ban sani ba, in hura wa mutum a wuya. Na ce shekara talatin da ɗoriya ina hura wa manya da ƙanana, ban ji wanda iskar bakina ta kwantar ba. Ta ce da can babu wannan. Na ce da iskar bakin nan aka biya mata kuɗin makaranta har ta san kalmar numfashi.

Ban kyauta ba, na sani. Ta ajiye ledar a kan tebur ta ce, "Ko don Kaka." Tsoho take nufi, a cinyarsa ta yi wayo. Na jefa ledar a aljihun tebur tare da tsofaffin mataji.

Talata, 17 ga Maris

Kawunan yau ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Ashe tsoro ma yana hana gashi tsiro.

Laraba, 18 ga Maris

Dogo ya dawo daga doguwar tafiya. Direban babbar mota ne, tun yana yaron mota yake kawo mini kansa. Kullum da labari yake shigowa, na 'yan sandan hanya da na matan gidajen abinci, rabi ƙarya. Yau shiru ya zauna. Da na ɗaura masa mayafi na ji wuyansa da zafi a yatsuna. Ya yi tari sau da yawa, busasshe, yana toshe baki da gefen mayafin.

Ya ce mura ce, ya yi barci a mota gilas a buɗe.

Injiniya yana tsaye a bakin ƙofa muna hira. Da ya ji tarin sai ya tuna ya bar wani abu a kan wuta. Mai gyaran waya da wuta. Na bi shi da harara.

Na yi wa Dogo kai, na yi masa gemu, hancina kusa da hancinsa yadda aikin yake. Mutumin da ya yi shekaru yana miƙa mini maƙogwaronsa ƙarƙashin aska, ba zan kore shi don ya yi tari ba. In mun fara haka, gobe wanda ya yi atishawa sai a kira masa 'yan sanda.

Na ba matata labari muna cin abinci, don ta yi dariyar Injiniya. Ba ta yi ba.

Alhamis, 19 ga Maris

Ina ɗaukar jaka ta ce, "Malam, da ka bar zuwan yau."

Na ce in bar shi da gemu saboda wani ya yi mura? Na fita.

A gidan na tsaya a famfo na wanke hannu da sabulu, na sake wankewa. Inna ta ce yau kuma tsabta ta motsa. Askin ya tafi lafiya. Tsoho yana cikin nishaɗi, har ya ba ni labarin wani alƙali da ya taɓa yi wa aski ya yi barci ya faɗo daga kujera, labarin da na ji ya fi sau ɗari.

Da na zo ƙarshe, ban san me ya same ni ba, sai na ga hannuna ya shiga jaka yana laluben burushi. Ya hango ni ta madubi.

"Bahago, numfashin naka ya ƙare ne?"

Na ajiye burushin na hure masa. Ƙeya, bayan kunnen dama, bayan na hagu. Ya ce yauwa.

Lahadi, 22 ga Maris

An rufe makarantu. Titinmu da ba ka iya tsallakawa da yamma, yau kare ya kwanta a tsakiyarsa babu mai tashin sa.

Uwata ta zo ta haɗa kayanta a akwati. Wai za ta koma kwana a masaukin ma'aikata na asibiti, kar ta kwaso mana wani abu. Uwarta na kuka, ita tana ninke kaya. Da za ta fita na miƙa hannu in dafa kanta kamar yadda na saba, sai ta ja da baya. 'Yar da na haifa. Ta ce, "Ka yi haƙuri, Baba, ba don komai ba ne."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Wannan abin bai kashe kowa a unguwar nan ba tukuna, amma ya riga ya raba uba da 'yarsa. Ni dai ba zan taya shi aiki ba.

Litinin, 23 ga Maris

Motar asibiti ta shiga layin su Dogo da jiniya. Mutane cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa, ko idonsu ba ka gani sosai. Injiniya ya ɗauka a waya, ya tsaya daga nesa yana miƙo mini in gani. Na ce ba na kallon tonon asirin mutane.

Na dai kalla. Dogo ne, da ƙafarsa ya shiga motar, amma ana riƙe da shi.

Talata, 24 ga Maris

Ita ce. An gwada Dogo an samu.

Ma'aikatan lafiya biyu suka zo shago, mace da namiji, fuska a rufe, suka tsaya a waje kamar masu jiran a kore musu kare. Macen ce ke magana, da ladabi kuwa, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta ce in rufe shago in zauna a gida sati biyu, in na ji zazzaɓi ko tari in kira su. Ta tambayi su wa na yi wa aski a shagon nan tun ranar Laraba. Na faɗi waɗanda na sani.

A shagon nan ta ce. Tsoho ba a shago nake masa ba. Abin da aka tambaye ni na amsa.

Kafin su bar layin labari ya gama gari. Na je wurin mai shayi, mutumin da muka yi shekaru muna zama benci ɗaya, sai ya zuba mini a kofin roba na yarwa ya ajiye a ƙasa ya tura da ƙafa. Na bar masa abinsa a wurin. Masu zama a bencin duk suka miƙe wai lokacin tafiyarsu ya yi.

Lafiyata ƙalau. Gobe zan buɗe shago, in ga wanda zai zo ya ɗauke ni.

Laraba, 25 ga Maris

Na buɗe. Ba wanda ya ɗauke ni, ba kuma wanda ya shigo.

Da azahar Uwata ta kira. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

"Baba, ka je wa Kaka ranar Alhamis?"

Na ce ina zuwa kowace Alhamis tun kafin ta iya ɗaura zane.

"Ka hura masa?"

Na ce layin ba ya da kyau. Ina jin hayaniyar asibiti a bayanta, sai na ji tana jan hanci. Ta ce za ta kira babban ɗansa da ke birni ta gaya masa. Na ce in ta yi haka ta tona wa ubanta asiri a gaban mutanen da suka ɗauke shi ɗa. Ta ce ta gwammace in yi fushi da ita.

Ta kira shi. Shi kuma bai ga darajar kirana ba, saƙo ya turo wai don Allah in dakata da zuwa. Mutumin da sai a yi wata shida bai leƙo ubansa ba, bai san ta wane gefe ake tallafa shi in zai tashi ba. Yau shi ne mai kare shi daga gare ni.

Gobe Alhamis.

Alhamis, 26 ga Maris

Na je. Ƙofa a kulle.

Tun ina saurayi nake shiga gidan nan, ban taɓa ƙwanƙwasa ƙofarsa ba, sallama kawai nake yi in tura. Yau na ƙwanƙwasa har yatsuna suka yi zafi. Inna ta zo ta tsaya a bayan ƙofar, ina jin numfashinta.

"Ka yi haƙuri, ɗan nan. An ce kar in buɗe."

Na ce Inna, ni ne fa. Ta ce ta sani, shi ya sa abin ya yi mata nauyi. Daga ciki na jiyo muryarsa yana cewa a buɗe wa yaro, gidan nan nasa ne ko na wani. Sai tari ya sarƙe shi, ta bar ni ta koma wurinsa.

Na ɗaga murya, na faɗi maganganu. Na ce likitocin waya sun fi ƙarfinmu, na ce an mayar da ni kuturu da rana tsaka. Maƙwabta suka leƙo ta tagogi. Na zauna a dakalin ƙofar da jakata a cinya har rana ta iso ni, sannan na tashi.

A hanya na rantse ko ta katanga sai na yi masa askin nan. Da na gaya wa matata ta ce da wannan gwiwar taka? Ban kula ta ba.

Juma'a, 27 ga Maris

Shago a buɗe, ni kaɗai. Na warware injin aski na goge shi na sa masa mai, na wasa almakashi, na wanke madubi har sama inda ban taɓa kaiwa ba. Da aiki ya ƙare na zauna a kujerar na yi wa kaina gyaran fuska. Injiniya ya rufe nasa ya tafi, ya liƙa takarda wai sai abin da hali ya yi.

A layin nan duka ni kaɗai na rage da mai kemis. Ina alfahari da haka, ko da ba mai gani.

Asabar, 28 ga Maris

Maƙogwarona yana ɗan ƙaiƙayi. Shayin da na sha da safe ne ya yi zafi.

Litinin, 30 ga Maris

Inna ta kira matata, ba ni ba. Tsoho yana zazzaɓi tun jiya, ƙirjin yana fito. Matata ta gaya mini tana kallon tukunya.

Na ce duk sauyin yanayi sai ya yi wannan zazzaɓin, bara ma ya yi, kowa ya sani. Ta ce haka ne. Na ce fukarsa ta girme ta. Ta ce haka ne. Wannan haka ne ɗin nata ya fi zagi ciwo.

Na tafi shago na zauna. Ban kunna rediyo ba. Na yi ta lissafin kwanaki daga Larabar Dogo zuwa Alhamis ɗin da na hure wa Tsoho, in lissafa ta nan in lissafa ta can, duk inda na bi sai in dawo kan burushin da na ajiye. Shi ya ce in hura. To in ya ce fa? Shi madubi ne a hannunsa, bai taɓa wuyan Dogo ba. Ni na taɓa.

Ina tsoron kar Tsoho ya mutu. Na rubuta, shi ke nan. Wannan ba ya nufin suna da gaskiya.

Talata, 31 ga Maris

Tarin ya fito fili, ba ya ɓoyuwa. Matata ta kira Uwata a bayan idona, Uwata ta turo mutanenta. Suka zura mini wani siririn tsinke a hanci har na ji shi a ƙwaƙwalwa, hawaye ya zubo ba da izinina ba. Na tambayi yaushe sakamako. Wai za a kira ni. Yaushe? Za a kira ni. Na ce Tsoho fa? Suka ce kayan gwajin sun yi ƙaranci, in nawa ya fito za a san abin yi da shi.

Wato yanzu hancina ne zai faɗi makomarsa.

An fitar mini da katifa falo, an ware mini kofi da cokali, an ɗaura wa kofin jan zare. A gidan da na gina. Na ce mata saura ta rataya mini ƙararrawa. Ta ce in akwai a kasuwa da ta saya, amma kasuwar a rufe take.

Jikina ba zafi. Tari ne kawai, kuma na taɓa yin wanda ya fi shi.

Laraba, 1 ga Afrilu

Dogo ya rasu da safe.

Masu fararen kayan ne suka kai shi, iyalinsa suna tsaye daga nesa, ko fuskarsa ba a bari sun gani ba. Matarsa ma tana killace. Ina ta tunanin tun da aka ɗauke shi ba wanda ya taɓa shi sai da safar hannu. Ƙila ni ne na ƙarshe da ya riƙe fuskar nan da hannu tsirara, na ɗaga haɓarsa, na juya ta dama da hagu. Da askina ya tafi. Ban yi nadamar wannan ba, kuma ba wanda zai sa ni in yi. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa ƙaryar hanya.

Inna ta ce zazzaɓin Tsoho ya sauka, ya sha kunu kaɗan. Uwata ta ce kar a yi murna tukuna, wani lokaci yana sauka ya dawo, wani lokaci kuma ba ita ba ce sam. To wace ce? Ba wanda ya sani. Duk karatun nan nasu, amsar dai ita ce ba a sani ba.

Ba a kira ba.

Alhamis, 2 ga Afrilu

Da hantsi wayata ta yi ƙara, na zabura na ɗauka masu sakamako ne. Lambar Inna ce, amma muryarsa.

"Bahago. Na zama bunsuru."

Muryar ta yi siriri, amma shi ne. Ya ce sati biyu ba a taɓa fuskarsa ba, ya duba madubi bai gane mai kallonsa ba. Ya ce ya sa Inna ta zare sakata, gidan nasa ne, wanda ke birni ya yi mulkinsa a birni. In zo yanzu.

Na ji daɗi har cikin raina. Na ɗauki jaka na ce wa matata to ga shi, mai gidan da kansa ya kira, sai a faɗi wata. Ta bi ni har ƙofa ta cusa mini wani abu a aljihun riga, ban duba ba don na san ko mene ne.

Titi ba kowa. Ina tafe ina shirya abin da zan gaya wa ɗan nasa in ya kira. A kwanar layinsu tari ya kama ni, irin wanda bai taɓa yi mini ba, sai da na dafa bango na jira ya sake ni. Na tofar, na goge baki, na ƙarasa.

Ƙofar a buɗe take kuwa, har an tokare ta da dutse. Ina hango zauren, da takalmansa a inda suke, da ƙanshin sabulun gidan. Ba mai hana ni. Na tsaya na gyara riƙon jaka. Na sake gyarawa.

Sai na zagaya ta gefen gidan, wurin tagarsa. Don in fara ganin yanayinsa ne kawai.

Yana kan kujera, tawul a kafaɗa, madubi a hannu, an riga an kawo ruwan ɗumi. Ya rame. Farin gashi ya rufe masa kumatu har wuya, ban taɓa ganinsa haka ba, sai da na kau da kai. Da na juyo na riga na sa takunkumin da matata ta cusa mini, ban san lokacin da na ɗaura ba.

Ya dube ni ta cikin ƙarafan tagar. "Wane ne wannan? Ɗan fashi?"

Na ce ni ne, Maigida.

"To shigo mana."

Na ce takalmina da taɓo. Ya leƙa ya ce rabon da a yi ruwa tun yaushe. Na ce Inna ta matso. Na fito da aska da sabulu, na goge su da ruwan kwalbar nan ta Uwata, wadda ban san yadda aka yi ta shiga jakata ba, na ajiye a bakin taga na ja baya har na jingina da katangar maƙwabta.

Inna ta ce ita ba ta taɓa riƙe aska ba, ko kaza wani ke yanka mata. Na ce yau za ta koya. Ta shafa kumfa, ta yi yawa, har cikin hancinsa. Na ce ta kwantar da askar, kar ta tsayar da ita, ta bi yadda gashin ya kwanta. Shi kuma bai daina magana ba, ni yake yi wa, ba ita ba.

"Shekara nawa ina koya maka, ashe matsoraci na koya wa."

Na ce na ji, Maigida. Inna, ja fatar da yatsa biyu.

"In mutuwa ce, ta same ni da fuskata a gyare. Kai ne za ka hana ta?"

Na ce a'a, Maigida. Inna, a hankali wajen haɓa.

A wajen haɓar ta yanke shi. Kaɗan ne, amma jinin ya gangaro cikin kumfa, ta saki salati ta kusa yar da askar. Ban san na baro katangar ba sai da na ji ƙarfen taga a tafin hannuna. Ƙofa tana nan kusa, a buɗe. Ya dube ni, na dube shi, ya san abin da nake shirin yi, har ya fara gyara zama. Tarin ya taso mini, na danne shi a ƙirji har idona ya kawo ruwa. Na saki ƙarfen na koma inda nake. Na ce ta danna wurin da gefen tawul, zai tsaya.

Ya tsaya. Ta ƙarasa. Saje ɗaya ya fi ɗaya tsawo da gaske wannan karon, ga tsibirin gashi a ƙarƙashin kunne. Ya daɗe yana duba madubi. Ya ce ba a gama ba. Na ce an gama, Maigida. Ya kife madubin a cinya ya juya fuska bango, ko sallamata bai amsa ba. Ya yi mini ciwo fiye da ranar da aka kulle ƙofar.

Inna ta wanke askar ta miƙo mini ta taga. Na ce ta riƙe, Alhamis mai zuwa za ta buƙace ta, zan zo in tsaya a nan.

Har yanzu ba a kira ba. Ba wai na yarda da maganarsu ba ne, mura ce, za su gani.

Matata ta tambaya ko zan buɗe shago gobe. Na ce da me zan buɗe, askata tana wurin Inna. Ta san akwai wasu a aljihun tebur, ita ke wanke su. Ta zuba mini shayi a kofin mai jan zare, na karɓa.